Hasashen Mannewar Kayan Ciki Kafin Maimaita Tiyata: Nazari a kan Ƙimar Alamomin Kumburi na Jini

Tsakure

Mafi yawan waɗanda aka taɓa buɗe wa ciki suna ɗauke da mannewa, ko dai tsakanin hanji da bangon ciki ko tsakanin kayan cikin da junansu, kuma likitan fiɗa ba ya sanin tsananinta sai wuƙa ta shiga. A 'yan shekarun nan an yi ta ƙoƙarin amfani da lambobin da ake fitarwa daga gwajin jini na yau da kullum domin hasashenta tun kafin aiki. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda mannewar take samuwa da abin da waɗannan lambobi suke aunawa a haƙiƙa. Ta nuna cewa akwai tazarar lokaci tsakanin abin da ake nema da abin da ake aunawa, kuma ma'aunin da aka yanka a jikin wasu al'ummu yana iya ɓatar da likitan da ke duba mutanen Afirka ta Yamma.

1.0 Gabatarwa

Duk likitan da zai buɗe cikin da aka taɓa buɗewa yana da tambaya guda da yake son amsarta kafin ya ɗauki wuƙa: mene ne ke kwance a ƙarƙashin tsohon tabon nan? A cikin da ba a taɓa yanka ba, hanji yana zamewa a sake, akwai ɗan sarari tsakaninsa da bangon ciki. A cikin da ya taɓa shan aiki kuwa, mai yiwuwa hanjin ya manne da bangon daidai inda wuƙar za ta bi. Idan likita ya san haka tun da wuri, zai sauya wurin shiga, ya nemi wanda ya fi shi ƙwarewa, ya tanadi jini, ya ware isasshen lokaci, ya kuma faɗa wa majiyyaci haɗarin da ke gabansa kafin ya sa hannu a takardar amincewa. A ƙaramin asibiti, wannan sani shi ne zai raba tsakanin yin aikin a nan da tura majiyyaci babban asibiti tun yana kan ƙafafunsa.

Tambayar tana ƙara nauyi saboda yawaitar tiyatar haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa kashi 21 cikin ɗari na haihuwa a duniya ta hanyar tiyata ake yin ta, tare da hasashen adadin zai kusanci kashi 29 nan da 2030. Macen da aka yi wa aiki a haihuwar fari, sau da yawa za a sake yi mata a ta biyu da ta uku, don haka ita ce majiyyaciyar da wannan batu ya fi shafa.

2.0 Yadda Mannewa Take Samuwa

Cikin ɗan Adam a lulluɓe yake da wani siririn tantani mai santsi, wanda ya rufe bangon ciki ta ciki, ya kuma naɗe hanji da hanta da mahaifa da sauransu. Faɗinsa ya kusa kai faɗin fatar jiki gaba ɗaya. Samansa jeri ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta, masu fitar da ɗan ruwa da ke sa kayan ciki su riƙa gogar juna ba tare da sun kama ba. Tantanin nan ba ya jure wahala. Yankan wuƙa, ƙuna daga na'urar tsayar da jini, bushewa a ƙarƙashin fitilar ɗakin tiyata, gogar auduga, zaren ɗinki, jinin da ya kwanta, ko mugunya, kowanne yana iya salunce shi.

Da zarar ya ji rauni, sai jiki ya mayar da martanin da likitoci ke kira kumburi. Ya kamata a lura cewa kalmar a nan ba tana nufin tashin wuri kawai ba, tana nufin dukkan yunƙurin da jiki ke yi idan an taɓa shi: jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin. A cikin ruwan da ya tsattsafo akwai sinadarin da ke rikiɗa ya zama fibirin, wato zaren nan mai danƙo da ke daskarar da jini. Cikin 'yan sa'o'i fibirin ya shimfiɗu a kan raunin, kuma duk abin da ya jingina da wurin sai ya liƙe.

Wannan liƙewa ta wucin gadi ce. Tantanin yana da nasa maganin, wani sinadari da ake taƙaita sunansa da tPA, wanda ke tayar da filasmin, shi kuma filasmin ya narkar da fibirin. Akwai kuma mai taka masa birki, PAI-1, wanda kumburi ke ƙara yawansa. Sakamakon ya danganta ne ga wanda ya rinjayi wani a kwanaki ukun farko. Idan fibirin ya narke, wurin zai warke sumul. Idan ya tsaya, ƙwayoyin saƙa tabo za su shiga cikinsa su fara zuba kolajin, kuma tsakanin kwana 5 zuwa 7 abin da ya fara a matsayin danƙo ya zama nama na dindindin, wanda daga baya yake samun jijiyoyin jini, har ma da jijiyoyin jin zafi.

Mai karatu ya riƙe wannan lissafi na kwanaki, domin a kansa hujjar maƙalar ta ginu. Makomar mannewa tana yankewa ne a makon farko bayan aiki. Abin da ya biyo baya tabo ne da ya riga ya warke.

3.0 Girman Matsalar

A shekarar 1990, Menzies da Ellis a Ingila sun duba majiyyata 210 da aka sake buɗe wa ciki, suka tarar kashi 93 cikin ɗari suna da mannewa. Cikin waɗanda aka buɗe a karon farko, kimanin kashi 10 ne kawai. Bayan shekara tara, mujallar Lancet ta wallafa babban nazarin nan na Sikotland, wanda ya bi mutum 29,790 da aka yi wa aikin ciki ko na ƙugu a 1986. Cikin shekara goma, kashi 34.6 sun sake kwanciya a asibiti, kimanin sau biyu kowannensu, saboda matsalar da ke da alaƙa da mannewa ko wadda ake zaton tana da ita, ko kuma domin wani aiki da mannewar za ta iya dagulawa. Mannewa ce ke haddasa fiye da rabin toshewar ƙaramin hanji a ƙasashen da tiyata ta yawaita, kuma tana daga cikin dalilan rashin haihuwa ga mata idan ta shafi hanyar ƙwai.

Haɗarin da ya fi shafar wannan nazari shi ne huda hanji bisa kuskure yayin raba mannewa. Likitocin Nijmegen a ƙasar Holan sun ruwaito a shekarar 2000 cewa hakan ya faru a kashi 19 cikin ɗari na majiyyata 270 da aka maimaita wa aiki. Wani nazari na 2013 daga wannan gari, ƙarƙashin jagorancin ten Broek, ya samu kashi 10.5 cikin waɗanda aka raba wa mannewa. Hujin da aka gani nan take ana ɗinke shi. Wanda ya fi muni shi ne wanda ba a gani ba, sai bayan kwana biyu ko uku majiyyaci ya kama zazzaɓi, ciki ya sandare.

Tun da kusan kowa yana da mannewa, tambayar "akwai ko babu" ba ta da wani amfani sosai. Abin da likita ke buƙatar sani shi ne tsananinta da wurin da take. Saboda haka aka samar da ma'aunai: na Zühlke na 1990 yana jera ta daga marar kauri da yatsa ke rabawa zuwa wadda ba a raba ta sai an ji wa hanji rauni, na Coccolini da abokan aikinsa a Italiya na 2013 kuma ya kasa ciki gida goma, kowane gida maki 0 zuwa 3, jimilla 30. Amma duka biyun sai an buɗe ciki ake cike su.

4.0 Alamomin Jini da Abin da Suke Aunawa

Gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini ana yin sa ga kusan duk wanda za a yi wa aiki, yana da araha, sakamakonsa yana fita a yini ɗaya. Wannan ne ya sa masu bincike suka kwaɗaitu da shi: in har amsar tana ɓoye a takardar da ke cikin fayil ɗin majiyyaci, an samu hasashe kyauta.

Fitacciyar lamba ita ce NLR, wadda ake samu idan aka raba adadin niyutirofil da adadin limfosayit. Dukansu fararen ƙwayoyin jini ne. Niyutirofil su ne masu fara isa wurin rauni, suna ƙaruwa idan jiki ya shiga matsi, limfosayit kuma suna raguwa a wannan hali, saboda haka rabon da ke tsakaninsu yana tashi. Wanda ke da niyutirofil 6,000 da limfosayit 2,000 yana da NLR 3. Likita Roman Zahorec na ƙasar Sulobakiya ne ya gabatar da ita a 2001, a matsayin ma'aunin matsi ga masu jinya a sashen kulawa ta musamman. Wani nazari na 2017 a Beljiyam ya sanya ta tsakanin 0.78 da 3.53 ga manya masu lafiya. Akwai kuma PLR, wato rabon filatilet, ƙwayoyin daskarar da jini, da limfosayit. Sai SII, wadda masu bincike a ƙasar Sin suka fito da ita a 2014 domin masu ciwon dajin hanta, inda ake ninka filatilet da niyutirofil a raba da limfosayit. Daga wajen ƙidayar ƙwayoyi kuma akwai CRP, furotin da hanta ke sarrafawa idan kumburi ya taso, wanda Tillett da Francis suka gano a Amurka tun 1930.

Ya dace a lura cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka ƙirƙiro domin mannewa. An aro su ne daga wasu fagage. Nazarce-nazarcen da suka gwada su a kan mannewa galibi ƙanana ne, na asibiti guda, da yawa kuma waiwayen tsofaffin fayiloli ne, kuma sakamakonsu bai zo ɗaya ba: wasu sun ga ɗan bambanci tsakanin masu mannewa mai tsanani da sauran, wasu ba su gani ba. Inda aka ga bambancin ma, lambar da aka yanka a matsayin iyaka takan sauya daga asibiti zuwa asibiti.

4.1 Tazarar Lokaci

A ganin wannan maƙala, rashin daidaiton sakamakon ba abin mamaki ba ne. CRP tana fara tashi cikin sa'o'i 6 zuwa 8 bayan rauni, ta kai ƙololuwa wajen sa'o'i 48, kuma rabinta yana gushewa daga jini duk bayan kimanin sa'o'i 19 idan abin da ya tayar da ita ya kau. Niyutirofil ba sa daɗewa a cikin jini. Filatilet suna rayuwa kwana 8 zuwa 10. Wato dukkan waɗannan alamomi labarin wannan mako suke bayarwa. Matar da za a yi wa aiki na biyu bayan shekara uku da na farko, mannewarta ta gama saƙuwa tun jaririnta bai yi arba'in ba. Neman ta a jinin yau kamar neman labarin gobarar bara ne a hayaƙin murhun safiya.

Akwai hujjoji biyu da magoya bayan gwajin ke kafawa, kuma ba na banza ba ne. Ta farko, mannewa ba mataccen nama ba ce: an samu ƙwayoyin kumburi a cikin tsofaffin zaruruwan mannewa, shekaru bayan aiki, don haka mai yiwuwa tana ci gaba da ɗan ruruwa. Ta biyu, mutane sun bambanta a halittarsu, wani jikinsa mai saurin kumburi ne da yin tabo, kuma lambar da ta ɗan ɗaga a yau tana iya nuna irin jikin da ya yi mannewa jiya. Hujja ta biyun ta fi ƙarfi. Sai dai ko an karɓe su duka, saƙon da zai iso jini daga ɗan zare a cikin ciki raunana ne ƙwarai. Ƙungiyar Lena Holmdahl a Suwidin ta nuna tun ƙarshen shekarun 1990 cewa raguwar narkar da fibirin lokacin tiyata abu ne da ke faruwa a tantanin kansa, a wurin da aka taɓa, kuma ta samu PAI-1 mai yawa a tantanin masu mannewa mai tsanani. Abin da ake nema yana cikin nama, jinin da aka ɗiba a hannu kuwa na jiki ne gaba ɗaya.

Raunanan saƙo kuma yana saurin ɓacewa cikin hayaniya. Juna biyu kaɗai yana ɗaga niyutirofil, naƙuda ta ƙara ɗaga su. Allurar sitiroyid da ake yi wa mai ciki domin huhun jariri tana ɗaga niyutirofil ta sauke limfosayit. Ƙiba, ciwon sukari, shan taba, ciwon haƙori, sanyin mafitsara, duk suna motsa waɗannan lambobi. Abin lura shi ne masu juna biyu, waɗanda aka fi son a yi wa hasashen, su ne jininsu ya fi cika da wannan hayaniya.

4.2 Lissafin da Ake Yawan Tsallakewa

A ɗauka, domin misali kawai, wani gwaji yana kama 70 cikin kowane 100 masu mannewa mai tsanani, yana kuma wanke 70 cikin kowane 100 marasa ita. A ɗauka kuma cikin mata 100 da za a maimaita wa aiki, 20 ne ke da mai tsananin. Gwajin zai kama 14 daga cikin 20, ya saki 6. Daga cikin 80 da suka rage zai wanke 56, ya tuhumi 24 bisa kuskure. Jimillar waɗanda ya ce suna da haɗari 38 ke nan, kuma 14 ne kaɗai gaskiya, wato bai kai kashi 40 cikin ɗari ba. Cikin 62 da ya wanke kuma, kusan ɗaya cikin goma tana ɗauke da abin da ake gudu. Kuskuren farko yana jawo tura mata nesa da gida da kashe kuɗi ba dalili. Na biyu ya fi haɗari, domin yana sa likita ya saki jiki a inda ya kamata ya yi hattara. Bambanci na iya tabbata a lissafin masu ƙididdiga tsakanin rukuni biyu, amma ya gaza amfanar majiyyaci guda da ke kwance a kan gado.

5.0 Jinin Mutanen Afirka ta Yamma

Akwai ƙarin dalilin taka-tsantsan ga likitan da ke aiki a Kano ko Maraɗi ko Tamale. Mafi rinjayen mutanen Afirka ta Yamma, sama da kashi 90 cikin ɗari a wurare da dama, jajayen ƙwayoyin jininsu ba sa ɗauke da furotin da ake kira Duffy. Wannan gado yana ba da kariya daga nau'in zazzaɓin cizon sauro na bibaks, kuma nazarin Reich da abokan aikinsa na 2009 ya tabbatar da cewa shi ne babban dalilin da ya sa adadin niyutirofil a jinin 'yan asalin Afirka yake ƙasa da na Turawa, ba tare da wata cuta ba. Tasirinsa a kan NLR a fili yake. Wani nazari na 2014 a kan bayanan lafiyar al'ummar Amurka ya samu matsakaicin NLR 1.76 ga baƙar fata, 2.24 ga farar fata. Don haka iyakar da aka yanka a Turai ko Asiya, in aka ɗora ta a kan mutumin Katsina, za ta wanke shi ko da lambarsa ta ɗaga bisa nasa ma'aunin.

Cututtukan yankin ma suna jan lambobin ta kowace fuska. Zazzaɓin cizon sauro yana sauke filatilet, abin da ke rusa PLR da SII. Masu amosanin jini sukan kasance da fararen ƙwayoyi da filatilet masu yawa ko da suna cikin ƙoshin lafiya. Ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ya zama ruwan dare ga masu ciki, yana iya ɗaga filatilet. Ta ɗaya ɓangaren kuma, dalilan da ke kai mutane ɗakin tiyata a nan, irin su hujewar hanji sanadiyyar taifot, fashewar mahaifa bayan doguwar naƙuda, afendis da ya ruɓe kafin a iso asibiti, da tibin ciki, suna daga cikin masu barin mannewa mafi muni, domin mugunya ta riga ta wanke tantanin. Jin cewa an taɓa yi wa mutum aikin taifot ya fi kowace lamba faɗakarwa.

6.0 Inda Alamomin Suke da Gurbi

Tarihin majiyyaci shi ne ma'auni na farko: sau nawa aka buɗe shi, don me, yankan tsaye ne ta tsakiyar ciki ko na kwance, an sa ragar gyaran ƙaba, raunin ya yi mugunya, ya daɗe a kwance bayan aikin. Sai duban tabon da ido. Salim da abokan aikinsa sun ruwaito a 2008 cewa tabon tiyatar haihuwa da ya lotsa ciki yana da alaƙa da mannewa a ƙarƙashinsa. An kuma gwada duban nankarwa da tabo mai tashi, bisa tunanin cewa yadda fata ke warkewa yana nuna yadda ciki ke warkewa.

Hanyar da ta fi kusa da abin da ake nema ita ce sikanin. Tun farkon shekarun 1990 aka bayyana dabarar: a ɗora na'urar a kan tabo, a ce majiyyaci ya ja dogon numfashi, a kalli yadda kayan ciki ke zamewa a ƙarƙashin bango. Idan zamewar ba ta kai santimita 1 ba, ana zargin mannewa a wurin. Fifikonta a kan gwajin jini shi ne tana nuna wuri. Ba ta ganin mannewar da ke can tsakanin hanji da hanji, amma tana amsa tambayar inda wuƙa za ta fara sauka. Idan shakka ta rage, likita yana da dabarun shiga: ya fara yanka daga inda ba a taɓa yanka ba, ko a tiyatar kyamara ya shiga ta wurin da Raoul Palmer na Faransa ya bayyana a 1974, santimita 3 ƙasa da haƙarƙarin hagu, ko ya bi hanyar Hasson ta 1971 ta buɗe ƙaramar ƙofa yana gani da idonsa.

Alamomin kumburi suna da nasu aikin a wani mataki dabam. Idan mannewa ta riga ta toshe hanji, tambayar takan koma ko hanjin ya fara mutuwa, kuma wannan kumburi ne na yau, irin wanda jini ke iya nunawa. Ƙa'idojin Bologna na ƙungiyar likitocin tiyatar gaggawa ta duniya sun ambaci CRP sama da 75 da fararen ƙwayoyi sama da 10,000 a matsayin abin da ke iya nuna ciki ya harbu, tare da gargaɗin cewa ko a nan ma ba su da kaifi sosai.

Ga mai son ci gaba da bincike a jami'o'inmu, lokacin da ya fi dacewa a ɗebi jini shi ne kwanakin farko bayan aikin farko, sa'ad da fibirin da filasmin ke kokawa, sannan a jira aiki na biyu a auna mannewar da ma'auni guda, a hannun likitan da bai ga sakamakon jinin ba. Tiyatar haihuwa ta dace da wannan tsari, tun da yawancin matan za su dawo cikin shekara biyu zuwa huɗu. Zai buƙaci a fara tantance matsakaicin NLR na mata masu ciki a yankin, a gwada kowace mace zazzaɓin cizon sauro da nau'in jininta a ranar ɗibar jini, a kuma adana rahoton aikin farko yadda za a same shi ko da ta haihu na biyu a wani asibitin.